Ludayin Fiffiken Jirgi

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa ba ni aiki na tsaya inda aka ce in tsaya ba. A aike ni ɗebo ruwa, in dawo da ruwa da labarin akuyar da ta faɗa rijiya bara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce wautata irin ta mai ƙwazo ce, kuma ita ta fi ɓarna, don rago ko zai yi wauta a zaune yake yin abarsa. Lakkwal, makarantar boko, na shiga, amma ban daɗe ba. Malamin ya gane ni, ni ma na gane shi, muka rabu ba baram-baram ba. To a cikin wautar da na tafka a duniya, wadda zan ba da labarinta yanzu ita ce ta ƙi barina, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta, kamar sauran.

Gidanmu a Maraɗi gidan masu zubin tukwane ne. Duk wani abu na alminiyom da ya mutu a gari, fistan ɗin mota ne, gwangwani ne, tsohuwar buta ce, a ƙofarmu yake ƙarewa. Mu narka shi a kasko, mu zuba a yashi, gobe ya tashi tukunya ko ludayi. A wurinmu ƙarfe ba ya mutuwa, kama kawai yake sakewa. Mahaifina in ya ga an jingine ƙarfe ba ya aikin komai, ji yake kamar an bar maraya da yunwa. Da wannan idon na girma, da shi na zo Faransa, kuma ban taɓa zaton akwai wani idon da ake kallon ƙarfe da shi ba.

A nan ba a zubi, sai na zama direban kamiyonet, ƙaramar motar ɗaukar kaya. 'Yan kasuwarmu na unguwar Barbès a Paris suna da sito a La Courneuve, can bayan gari. In loda atamfa da shadda da man shafawa da busasshen kifi, in kai wa masu butik, wato kantuna, a Lyon, in dawo da abin da za a dawo da shi. Iyalina suna Villeurbanne, gefen Lyon, a wani tsohon bene kusa da inda 'yan jami'a suke kama ɗaki. Rabin mako ina hanya, rabi ina gida ina ba mai ɗakina shawarar da ba ta nema ba.

A hawan da ke ƙarƙashin namu akwai wani tsoho dogo, fari fat kamar an yi ta wanke shi an manta a rana. Shi kaɗai yake, matarsa ta rasu. Benen ba shi da asansar, na'urar hawa sama, sai in riƙa tarar da shi a tsakiyar matakala yana hutawa, ledar cefane a ƙafarsa. Na fara karɓar masa. Baba nake ce masa, yadda aka koya mini. Da farko ya ce ai shi bai haife ni ba, na ce a garinmu furfura ce take haihuwa. Shi kuma tun da ya ji sana'ar gidanmu ya koma kirana Mushe Maƙeri, wato Malam Maƙeri a Faransance. Faransancinsa da nawa duk guragu ne, kowanne da ƙafar da yake ɗingisawa, shi ya sa muke jin juna da kyau.

Mai ɗakina ce ta fara gaya mini Bajamushe ne. Ta ce wasu tsofaffin benen shekara da shekaru ba sa amsa gaisuwarsa, don Lyon ta ji jiki a hannun Jamus lokacin babban yaƙi. Ban ga abin mamaki ba, tunda ni ma ba sa amsa tawa, ni da ban taɓa yaƙar kowa ba. Wan mahaifina dai Faransa ta ɗauke shi soja ta kai shi wannan yaƙin, ya dawo da tari da wata hula da ba ya bari a taɓa. Wato ni da tsohon abokan gaba ne na gado. Na faɗa masa haka wata rana a matakala. Ya ce to in ajiye masa ledar mu gwabza, amma in jira numfashinsa ya dawo tukuna.

Wata Lahadi da la'asar ya kira ni shan kafe. A saman kabad ɗinsa na ga wani guntun ƙarfe, faɗinsa bai fi faifai ba, a lanƙwashe, bakinsa a yage kamar kare ya ci. Ido na maƙeri ya gaya mini alminiyom ne tun kafin in taɓa. Na tambaye shi me wannan yake yi a nan. Ya sauko da shi da hannu biyu, ya ajiye a tebur tsakaninmu, ya ba ni labari, ba tare da ya ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

Lokacin yaƙi, bai daɗe da fara aske gemu ba, shi ne mai kula da rediyo a wani jirgin soja. Suna dawowa daga inda aka aike su gajimare ya rufe su, suka ɓata, suka shiga sararin Suwis. Ni a lokacin agogo na san Suwis da shi, sai banki. Ban san tana da sama tata ta kanta da take gadi ba. Ya bayyana mini cewa ƙasar ba ta cikin yaƙin, ba ta bayan kowa, kuma duk jirgin da ya shigo mata, ko na wane ɓangare ne, sai ta sauke shi, da lalama ko da wuta. Har ranar da yake ba ni labarin bai tabbatar ba ko harbinsu aka yi ko injin ne ya gaji. Abin da ya sani, sun faɗo a gangaren gonar wani manomi. Shi da sauran sun fito da ƙafafunsu. Wanda yake zama a baya bai fito ba. Ɗan mai gidan burodi ne, ba shi da zance sai na ƙullu da tanda, yakan ce in yaƙi ya ƙare ba zai sake ɗaga kai ya dubi sama ba sai don ya ga ko hadari ya haɗu. A maƙabartar ƙauyen aka binne shi.

Na tambaye shi me jirgin nasu yake ɗauka ya kai inda ake aikensu.

Ya ce, "Ba burodi ba ne."

Ban ƙara tambaya ta wannan gefen ba, shi ma bai ƙara ba.

Da ya ce an tsare su, sai na gyara zama na fara yi masa jaje irin namu, na kurkuku, har da Allah ya kiyaye na gaba. Ya bari na gama sannan ya ce otal ne. Wani otal a kan dutse, na masu zuwa wasan ƙanƙara, yaƙi ya hana baƙi zuwa, sai aka zuba su a ciki. Gado da farin zane, abinci a kan lokaci, mai gadinsu wani dattijo da ya girmi mahaifinsa, yana rungume da bindiga yana gyangyaɗi. Sun ba da kalmarsu cewa ba za su gudu ba, aka yarje musu yawo har bakin gada, ba a tsallakawa. Da rani su taya manoma yankan ciyawa. A wasu ƙauyukan can gaba kuma an ajiye 'yan Amirka da 'yan Ingila, waɗanda jiya suke neman ran juna a sama, yau kowa yana shanya safarsa a tagar otal. Ya ce ba a ce musu fursunoni ba, ba a ce musu baƙi ba. Yana cin cuku yana jin a rediyo ana ƙona garinsu.

Na ce, "Baba, wannan zaman ai na san shi. Shekarun da na yi ina jiran takardar zama a ƙasar nan, haka nake. Ba a kore ka ba, ba a ce ka zauna ba."

Ya ce, "Kai ma an ba ka cuku?"

Na ce ni layi aka ba ni.

Guntun ƙarfen kuwa manomin ne ya ba shi. Sojojin Suwis sun kwashe tarkacen jirgin, amma manomin ya ɓoye wannan don ya toshe ɓular garken awakinsa. Da ya gane wane ne yaron da yake taya shi yankan ciyawa, sai ya ɓamɓaro ya miƙa masa. Daga jikin jirgin ne, wajen gindin fiffike, daidai inda abokin nasa yake jingina. Tsohon ya bi da yatsa yana nuna mini jerin hujojin ƙusa, da ragowar koren fenti, da baƙin wuta a gefe ɗaya, da wata 'yar loɓawa da ya ce gwiwar mutumin ce ta yi ta, don ba ya iya zama shiru. Ni ina kallo ina auna nauyinsa a raina. Wannan ma ya isa ya nuna irin mai sauraron da ya samu.

Bayan yaƙi ya koma gida bai tarar da gida ba. Ya dawo neman wata yarinya mai feraye dankali a kicin ɗin otal, wadda danginta suke ɓangaren Faransa. Ita ta kawo shi Lyon, ya yi aikin masana'anta har ya tsufa. Duk inda suka ƙaura ƙarfen yana biye da su.

Sai ya zo kan abin da ya sa ya kira ni. Ƙafafunsa sun fara ƙin sa. 'Yarsa da ke Paris ta yarda, in ƙanƙara ta narke, ta kai shi ƙauyen a motarta, sau ɗaya, kuma shi da ita sun san babu na biyu. Yana so ya bar ƙarfen a kan kabarin, don ba shi da wanda zai bar wa. 'Yar ba ta ƙaunar ganinsa. Ga shi kwanan baya bakin ƙarfen ya yanke shi a tafin hannu, kuma yana shan wani magani da ke hana jini tsayawa, sai da aka kai shi asibiti. Ta ce abin nan ba zai shiga motarta ba sai an kashe masa kaifi.

Ya ce, "Mushe Maƙeri, ka goge mini bakinsa kawai, kada ya yi yanka."

Haka ya faɗa, haka na ji. Ba zan laɓe bayan gurgun Faransancina ba.

Washegari na kama hanyar Paris, ƙarfen a kujerar gefena, naɗe cikin jarida. Hanyar doguwa ce, kuma mutum irina bai kamata a bar shi shi kaɗai da tunaninsa a doguwar hanya ba. Na fara da cewa a garinmu ba a zuwa gaisuwar mutuwa da tarkace. Ko goro ne ka riƙe, ko hatsi, abu dai mai kama da abu. Ya za a ce dattijo ya tsallaka ƙasa, ya durƙusa gaban kabarin amininsa, ya ajiye abin da aka ɓamɓaro daga garken awaki? Daga nan na wuce zuwa ga kaina. An ba ɗan gidan zubi amana, shi kuma ya mayar da yagaggen ƙarfe yadda yake, sai dai dakusasshen baki? Aikin magagari ai na ɗan koyo ne. Sannan na tuna mamacin mutumin kicin ne, ɗan tanda. Kafin in biya kuɗin hanya na ƙarshe, har na ga ludayin a idona, yana sheƙi, na kuma ga tsohon yana share hawaye yana cewa bai taɓa sanin akwai masu hannu irin wannan ba. Ni na rubuta masa jawabin godiyar da kaina.

A La Courneuve ina da aboki, wani makanike ɗan Cadi, mai gareji da ɗan fili a baya inda yake tara tsofaffin tayoyi. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isa zagi. Na gaya masa abin da nake so. Ya juya ƙarfen, ya dube ni.

Ya ce, "Malam, an ce ka goge, ka goge. Mutanen nan har tikitin jirgin metiro suke sa wa gilashi su rataye a bango."

Na ce shi kwance ƙarfe ya iya, ni raya shi nake yi, kowa ya tsaya a gonarsa.

Ya ce, "To, sarkin maƙeran Faransa. In ta ɓaci ban san ka ba."

Da faɗin haka kuma shi ne ya fi ni rawar jiki. Ya yanko gindin wata tsohuwar tukunyar kashe gobara muka yi kasko da ita. Gawayi muka karɓo wurin mai gasa tsire a bakin titi. Yashi muka ɗebo inda ake gini. Zuga-zugi ne ya gagara, sai ya shiga gida ya sato na'urar busar da gashi ta matarsa, muka ɗaura mata bututu. Ranar Asabar ce da hantsi, jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan katanga, mu kuma furfura biyu muna tsugune muna hura wuta kamar masu shirin tsafi.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce, da warin gawayi da zafin kasko suka bugi fuskata, na manta da tsohon, na manta da kabarin. Rabona da wannan warin tun ina da gashi. Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta, yadda ake danne yashi, yadda ake huda masa hanyar numfashi. Na sa almakashin ƙarfe na yayyanka guntun, hujojin ƙusa da loɓawar gwiwa da komai, na zuba a kasko. Fentin ya tashi da wani hayaƙi mai ɗaci, shi ke nan.

Sai ƙarfen ya ba ni kunya. Na jirgi ba irin na tukunya ba ne, an gauraya shi da wasu abubuwa don ya yi ƙarfi. Ya narke da ƙyar, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, kuma da na kwashe dattin sama abin da ya rage ko cokali mai mutunci ba zai yi ba. Wuta tana ci, yashi yana jira. Na tuna a cikin kamiyonet akwai murfin tukunyar mai ɗakina, wanda ta ba ni tun watanni in gyara masa mariƙi. Na ruga na ɗauko, na karya, na jefa. Nan take ruwan ya saki jiki ya yi sheƙi. Na zuba.

Ludayi ya fito. Bayansa da ɗan zanzana, amma cikinsa sumul. Na goge shi, na sa masa ɗigo-ɗigon da gidanmu yake sa wa kayansa a mariƙi. Ɗan Cadi ya karɓa, ya ɗaga shi ga rana, ya ƙwanƙwasa da farce.

Ya ce, "Ludayi dai ya yi. Saura kai."

Da na koma Villeurbanne mai ɗakina na fara nuna wa, don in ɗanɗana yabon tun a gida. Ta fara da tambayar murfinta. Da na ce yana cikin ludayin, ta yi maganganun da suka dace da wannan. Sai da ta gama ta tambayi sauran rabin daga ina yake. Na faɗa mata. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta zauna.

Ta ce, "Malam, in aka ba tela rigar mahaifinka ya kama mata baki, sai ya yanka ya ɗinka maka hula, me za ka ce masa?"

Na ce ai riga daban, ƙarfe daban.

Ta ce, "To."

A zamanmu na koyi jin tsoron wannan "to" ɗin fiye da faɗa. Ta ba ni wani ƙyalle mai tsabta in naɗe shi, ta ce ita ba za ta sauka tare da ni ba.

Na tarar da shi yana sauraron rediyo. Ya kashe, ya karɓi ƙunshin, ya warware. Ya yi murmushi, ya ce kyauta ce daga ƙasarmu? Ya gode ƙwarai. Sannan ya dubi hannuwana ya tambayi ina ƙarfensa.

Na nuna masa ludayin.

Bai gane ba da farko, daga baya ya gane. Na ga lokacin a fuskarsa. Jirgin tiram ya wuce a titi, kofunan kabad suka ɗan yi ƙara. Ya juya ludayin, ya sake juyawa, babban yatsansa yana bin gefensa a hankali, kuma na san hujojin yake nema.

Wawa ba ya jure shiru, sai na cika ɗakin da magana. Na ce ƙarfen yana nan, ba abin da ya tafi sai fenti. Na ce a gidanmu mun san ƙarfe ɗaya ne ko an narka shi sau nawa. Na ce abokinsa mutumin kicin ne, wannan zai fi dacewa da shi, kuma yanzu ba ya yanka, 'yarsa ba ta da ta cewa. Da yake bakina ya riga ya kama gangara, har zancen murfin na faɗa, wanda ba wanda ya tambaye ni.

A nan ne ya ɗago. Ya tambaya murfin ya kai nawa a ciki. Na ce zai yi rabi, ko ya ɗan fi.

Ya gyaɗa kai. Ya tashi da ƙyar, ya buɗe mini ƙofa, ya ce, "Na gode, Mushe." Kalmar Maƙeri kuwa ya bar ta a cikinsa.

Daga ranar ya koma ɗaukar ledarsa da kansa. In ya ji takuna a matakala sai ya juya yana karanta sanarwar da ke bango, wadda ta shekara a wurin. 'Yarsa ta zo daga Paris, muka yi kiciɓis a ƙofar bene. Ta yi mini magana da Faransanci mai gudu, na tsinci rabi, rabin ya ishe ni. Na tsaya da hula a hannu har ta gama. Ɗan Cadi da na ba shi labari ya ce ai ya faɗa bai san ni ba, sannan ya ce matarsa tana neman wanda zai biya ta na'urarta, don tun ranar gashinta warin tsire yake.

Mai ɗakina ba ta sake tayar da zancen ba. Abin da ta yi, ranar Juma'a ta zuba shinkafa da miya a kwano ta ajiye masa a bakin ƙofa. Kwanon ya kwana biyu bai dawo ba. Da ya dawo, a wanke yake, da tuffa a ciki. Ta ce mini wannan tsakaninta da shi ne, kada in sa kaina.

Na yi tunanin in nemo wani guntun alminiyom in lanƙwasa, in huda, in shafa masa koren fenti in ƙona gefe. Zan iya, har ya fi na asali kama da na asali. Na faɗa wa mai ɗakina. Ta dube ni kawai, na bar zancen. Wannan ita ce wauta ɗaya da aka taɓa tare ni kafin in aikata.

Sanyi ya wuce. Wata safiya ina ɗaure kaya a bayan kamiyonet na ga motar 'yar a ƙofa. Ta fito da shi tana riƙe da gwiwar hannunsa. Yana sanye da babbar rigar sanyi duk da rana ta fito, kuma daga aljihun rigar mariƙin ludayi ya leƙo, da ɗigo-ɗigon gidanmu. Bai dube ni ba. Na bi motar da ido har ta sha kwana, sannan na kama hanyar Paris da busasshen kifin mutane da aka ƙi saya.

Bayan sun dawo da 'yan kwanaki na tarar da shi a inda na saba tarar da shi, tsakiyar matakala, leda a ƙafarsa. Na rage tafiya don in ba shi lokacin karanta sanarwarsa. Sai ya tura ledar da sandarsa zuwa wajena. Na ɗauka, muka hau, shi a gaba, ni a baya.

Da ya buɗe ƙofa abin da na fara gani ludayin ne, rataye a ƙusa kusa da murhu. Saman kabad ɗin kuwa ba komai, sai alamar inda ƙura ba ta taɓa sauka ba.

Ya ɗora kafe ya ba ni labarin tafiyar, kamar mai karanta hasashen yanayi. Otal ɗin an mayar da shi gidajen haya. Gadar tana nan, kuma wannan karon ya tsallaka ta, a mota, bai ma lura ba sai da 'yarsa ta faɗa. Gonar manomin jikoki sun yi wurin ajiye motoci a gefenta. Maƙabartar ta fi yadda yake tunawa ƙanƙanta, amma dutsen kabarin yana nan, sunan yana karantuwa, wani ma yana cire masa ciyawa. 'Yarsa ta taimaka masa ya durƙusa. Ya fito da ludayin. Ya daɗe a haka, har ta ce gwiwarsa za ta ƙage. Sai ya mayar da shi aljihu suka taho.

Ban tambaye shi dalili ba. Na riga na koyi wannan kaɗan. Ya zuba mini kafe, ya miƙa hannu ya sauko da ludayin, ya ajiye a tebur tsakaninmu, daidai inda ya taɓa ajiye ƙarfen. Ni mutum ne da ba a taɓa rufe wa baki a kasuwa ba, jandarma ma na sha ba shi amsa ya sake ni yana dariya. Amma abin da ya faɗa a nan ban amsa ba a ranar, ban amsa ba a sauran watannin da na yi ina ɗaukar masa leda, kuma yanzu ya daɗe da rasuwa. Ba da faɗa ya faɗe shi ba. Tambaya ce irin wadda ake yi wa mai sana'a.

Ya ce, "Mushe Maƙeri, so na yi in kwantar da gefensa a kan dutsen. Kai da ka zuba shi, nuna mini, wane gefe ne nasa, wane ne na matarka?"